Shinge a Ranar da Citta Ta Jiƙe

Jiya da safe na ga fukafukan shinge, ƙwarin nan da ke fitowa bayan ruwan farko, a bakin shagona a Kafanchan, sai marigayiya ƙanwar babana ta faɗo mini a rai.

Shekarar da na fara sana'ar citta, duk abin da na tara na shanya a kan dutsen bayan gidanta a Kagoro, motar mai saye kuma washegari za ta zo. Da la'asar ruwan farko ya sauko. Muna kwasa yana dukanmu, har ƙanwar babana ta zame ta kuje gwiwa. Rabi kawai muka tsirar.

Na zauna ina lissafin asarar. Ita kuwa da magariba ta kunna fitila, ta ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta, shinge suka yi ta faɗawa. Ta soya su da gishiri, ƙamshin ya gauraya da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Mama, na shiga uku, ke kina suya?"

"Ci da zafinsa, 'yar nan. Citta za a sake shanya ta, wannan kuwa sai baɗi."

Na ci har na ƙara. Rabin da ya jiƙe ya yi fumfuna, da arha na rabu da shi. Ubangiji ya ba ta hutawa a wurinsa.