Rufin da Ya Zauna a Kan Kwallayen Inna

Damina biyu cur rufin ɗakin mahaifiyata ya yi yana zaune a kan kayan aurena, kuma duk gidanmu ba wanda abin ya hana barci sai ni.

Gidanmu a Dawaki yake, ginin ƙasa, rufin soro. Iyayena daga wajen Katsina suka zo Gombe tun ba a haife ni ba. Baba malamin awo ne a kasuwar auduga. Inna kuwa abin da ta taho da shi daga gida shi ne kwallayenta, manyan tukwanen ƙarfen nan masu fenti da murfi da zanen furanni, waɗanda ba a girki da su, aikinsu kawai su zauna a ɗaki a gan su. Na can ƙasa na kakata ne, uwar Inna, wadda ta rasu ban san ta ba. Sauran Inna ce ta tara su ɗaya bayan ɗaya da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ta jera su layi uku a ƙuryar ɗaki bayan gado, manya a ƙasa, kumbuna a kansu, tasoshi a can sama, kowanne da ɗan gammon tsumma a ƙarƙashinsa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, in ranta ya ɓaci in koma "waccan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta ma yarda a kama ta tana kallona. Amma tun ina ƙarama kowa ya san jeren nan nawa ne, don ranar da 'ya za ta ɗakin miji uwa kan sauke nata ta jera mata. Ni nake goge su duk Juma'a, ina gogewa ina zaɓar inda zan ajiye kowacce a ɗakin da ban ma san na wane ne ba.

Abu ɗaya ke ci wa Inna tuwo a ƙwarya. Tsakanin tasoshin ƙarshe da azarar rufi akwai 'yar tazara da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Ta gwada duk wani ƙaramin kwano da ke kasuwa, wannan ya yi tsawo, wancan ya gaza. In ta kishingiɗa a gado idonta na kan tazarar nan tana tsaki. To, wata rana a tsakiyar damina aka wuni ana tsuga ruwa, muna ɗakin ni da ita da ƙannena muna jiran ya tsagaita, sai muka ji wata ƙara ƙiiii daga sama, ƙasa ta zubo mana a ka. Muka kwasa a guje, har ana tattake juna a bakin ƙofa. Da muka leƙo, rufi bai faɗi ba. Saukowa ya yi a hankali ya zauna daram a kan layukan nan uku.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu ya yi daidai."

Baba ya kira maƙwabcinmu, wani Batangale magini da muke katanga ɗaya da su, wanda matarsa ke aiko mana da shinkafa ranar Kirsimeti mu kuma mu aika musu nama da Babbar Sallah. Ya zo da gwafa mai kauri zai tokare rufin don a zare kayan. Ya kafa ta kusa da jeren, ya ɗauko guduma ya fara buga mata guntun katako daga ƙasa don ta ɗaga. Gwafa kuwa ta yi ta tafiya sama ba tare da rufin ya motsa ba, har ƙanena ya shigo daga tsakar gida ya ce ga wani icce can ya tsiro a kan soron Inna. Ashe gara ta gama cinye azarar, siffa kawai ta bari. Magini ya zare gwafarsa, ya bar mana rami muna hango sama, ya karkaɗe hannu.

"Malam, wannan sai an yaye shi gaba ɗaya da rani," ya ce wa Baba. "Kafin nan kada wanda ya taɓa ko murfi ɗaya."

Rani ya zo, kuma ya zo da kuɗi. Shekarun nan ne da arzikin mai ya shigo ƙasar, ma'aikata suka sami ƙari, kowane lungu ka bi a Gombe sai ƙarar guduma ana buga rufin kwano. Muka ce shi ke nan, namu ya zo. Ran nan sai ga Baba ya turo sabon babur cikin zaure, ledarsa ma ba a cire ba. Da Inna ta tambaye shi zancen rufi, ya ce, "Ai ya sami wurin zama, ba inda za shi. Ƙarfen da ne fa, ba irin na yanzu ba." Ramin gwafa kuwa aka kife shi da tsohon kasko daga sama.

Daga nan gidanmu ya koma gidan dokoki. An ɗauke turmi an kai shi can bayan rijiya, don daka na girgiza ƙasa. Ba a gudu a gaban ɗakin. Mai atishawa ya fita waje ya yi abinsa. Shi kansa Baba sai ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar. Akuyar da ta saba hawa soro aka yanke mata hukunci aka kai ta gonarmu ta Kagarawal. Ni kuwa ba a ɗauke min gugar Juma'a ba, sai dai na koma yin ta da gashin kaza, ina riƙe numfashi.

Sannan ga abin da ke cikinsu. Inna a kwallayen nan take ajiya, kuma ranar da rufi ya zauna duk abin da ke ciki ya shiga kurkuku. Hular Sallar Baba na cikin ta biyu daga ƙasa, haka ya yi ta zuwa Idi da tsohuwa yana gaya wa mutane yana da wata a gida. Awarwaron Inna na ciki. Mafi muni, a wani kumbo na tsakiya akwai daddawa. Wata na farko ba a ji komai ba. Da zafin bazara ya kama, ɗakin ya fara magana. Inna ta yi ta banka turaren wuta, turare da daddawa suka haɗu suka haifi wani wari na uku da har yau ban san sunansa ba. In baƙuwa ta yamutsa hanci, sai Inna ta dube ta ido cikin ido ta ce, "Daga maƙwabta ne."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Baba ya mai da abin abin alfahari. Ya kan kawo abokansa na kasuwa, a ce mata su kauce, su tsaya a bakin ƙofa suna leƙe suna jinjina kai. Wani ya ce a garinsu an taɓa yin haka da randa, Baba ya ce randa daban. Ina daga madafi ina ji, kamar in fito da muciya.

Ana haka wata daminar ta zo ta wuce, na gama makarantar horon malamai na fara koyarwa, na kuma kawo wanda nake so, wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai sanyin hali. Aka sa rana farkon damina, lokacin hutunsa. Sai a lokacin mutanen gidanmu suka tuna cewa ginshiƙin ɗakin Inna kayan ɗakin wata ne.

Baba ya ce yaye rufi da damina a kan hanya hauka ne, kuma hidimar biki ta riga ta cinye abin sayen kwano. Amma kada in damu, ya yi tanadi. Washegari ya dawo da buhu a bayan babur, ya zazzage a tsakar gida: robobi ne, ja da kore da ruwan ɗorawa, wasu da murfi wasu babu. Ya ɗauki ɗaya ya maka da ƙasa, ta yi tsalle ta dawo.

"Kin gani? Zamani ke nan. Ba tsatsa, ba lotsewa."

"Baba, da wannan za a yi min jere?"

"Me ya same su?"

Gwaggo, yayar Baba da ta zo daga Katsina don bikin, ta ce robobi kam abin kunya ne, amma tana da dabara. A gayyato dangin ango mata, a shigo da su ɗakin Inna biyu-biyu, ba tari ba atishawa, a nuna musu jeren a ce na amarya ne, suna nan suna wani aiki, in sun gama za a kai. Baba ya ce wannan shawara ce ta manya. Har ya ƙara da cewa in angon ba zai damu ba, ai suna iya zuwa su riƙa ganin kayan duk lokacin da suka so.

Na ce wallahi ba zan tare a ɗakin da za a ce kayana na can suna dakon soro ba. Na yi kuka, na yi faɗa, na ƙi cin abinci na rabin yini. Duk wannan abin Inna na gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. Na san kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta goyi bayana a gaban Gwaggo ba, amma shirun ya yi min ciwo ƙwarai. Na fara zargin ɗakinta ta zaɓa, don in an sauke jeren ba rufi kaɗai za ta rasa ba, har da abin da ta yi shekaru tana kallo. Da muka keɓe na ce mata, "Inna, in ba za ki ba ni ba, ki faɗa min in sani."

Ta ce, "Ke, tafi ki duba miyar can."

Ana saura 'yan kwanaki a yi jere, da safe, Baba ya tura babur ɗinsa ya fita. Ƙarar na ɓacewa Inna ta miƙe ta ɗaure zani a ƙugu. Ta sa muka fito da gado da akwatuna da tabarmi, komai da komai, sai jeren kaɗai. Ta leƙa ta katanga ta kira matar magini, ita kuma ta zo da tsanin mijinta da fartanya biyu, kamar dama sun gama magana. Inna, matar da ban taɓa ganin ta hau ko kujera ba, ta hau tsani ta zauna a kan katangar ɗakinta ta fara saran rufin.

Gwaggo ta fito tana salati. "Ke kuwa lafiyarki? Hadari fa ake haɗawa kullum. Ki bari maigidan ya dawo."

Inna ta ce, "Yaya, matsa kada ƙasa ta same ki."

Haka suka wuni, su biyu a sama suna sara daga gefe suna jawo ƙasa waje, mu muna kwashewa. Azara in an taɓa ta sai ta marmashe a hannu. Matan unguwa suka ji labari suka cika gidan, wasu na taya mu, wasu sun zo kallo ne tsakani da Allah. Da aka zo kan jeren, hannu Inna ta sa tana ɗebe ƙasar kaɗan-kaɗan. La'asar sakaliya rana ta faɗo cikin ɗakin, ga layuka uku tsaye cikin ƙura, ba abin da ya same su sai tasoshin sama da suka baje kamar faifai. Aka buɗe kumbon daddawa, 'yan kallo suka ragu da kansu.

Baba ya dawo ya tsaya a tsakar gida, ya dubi ɗakin, ya dubi sama, ya dubi Inna da ta yi fari fat da ƙura. Ita kuwa ta miƙa masa hularsa ta Sallah. Ya juya ta, ya shinshina, ya kifa a ka, ya wuce zaure.

Aka wanke kwallayen da toka da sabulu, aka kai su gidan da za mu zauna kusa da tashar jirgi. Waɗanda suka je jere sun ce ɗakin ya cika har an rasa inda za a sa madubi. Na aika wa Inna ta riƙe ko layi ɗaya, ko na kakata kaɗai. Ta ce a gaya wa waccan ba a raba jere.

Ranar da za a kai ni, da yamma, Gwaggo ta riƙo hannuna zuwa wurin Inna don sallama. An ce wa Inna ta zauna a ɗakin ƙannena inda take kwana tun ranar da aka yaye rufin, ta ƙi, ta ce a ɗakinta za ta sallami 'yarta. Muka same ta zaune a kan tabarma tsakanin bango huɗu, sama a buɗe, hadari ya yi baƙi ƙirin. A ƙuryar da jeren yake a da ba komai sai sawun gindin kwallaye, zagaye uku a daɓe. Na durƙusa a gabanta. Duk faɗan da na tanada na shekaru ya bi ruwa, kuka kawai nake yi, don a ranar na san irin son da matar nan take yi min.

Nasiharta ba ta da tsawo. Ta ce in yi haƙuri, in riƙe salla, in rage baki.

Na ce, "Inna, yaushe za a rufa miki?"

"Wannan ba maganar amarya ba ce. Tashi, kada ruwa ya ɓata miki kaya."

Aka fara yayyafi. Ta gyara min lulluɓi, hannunta duk ya faffashe da saran ƙasa, ta tura ni wajen Gwaggo ba tare da ta dube ni ba. A bakin ƙofa na ɗaga mayafi na waiga. Ruwa ya fara sauka sosai, kuma a Gombe ba a barin ruwan sama ya zuba a banza. Inna ta miƙe ta nufi ƙurya za ta ɗauko abin tara, ta miƙa hannu, ba komai a wurin. Ta tsaya haka nan ruwa na dukanta, Gwaggo ta ja ni muka fita.