Tsohon da ya amsa wa rediyo gaisuwa

A ƙarshen zamanin kumandan, lokacin mulkin Faransa, mu ƴan tsiraru muka haɗa kai muka ɗinka rediyo a Gaya. Ɗinki na ce, don guntu-guntu muka tsinto kayansa daga ƙetaren kogi, ma'aikacin gidan waya ya harhaɗa. Mushen lakwal, wato malamin makaranta, ke juya mana Faransanci. Ni kuwa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, batir ɗina suke so, ba fuskata ba. Kullum la'asar sai na kinkimo shi ina ƙunƙuni, amma in ban je ba jikina ba ya min daɗi.

Ƙarƙashin mangwaro muke zama. Kafin a kunna sai an zuba ruwa a gindin ƙarfen da muka binne, don in ƙasa ta bushe murya ba ta fita. Mata masu wucewa suna dariya, wai ga ƙattin da ke ba ƙarfe ban-ruwa.

Wani tsohon masunci ya maƙale mana. An ɗauki ɗansa soja, an haye da shi teku, shiru kake ji. Da ya sami labarin gidan rediyon Yamai na sako gaisuwar sojoji da muryoyinsu, bai sake fashin zama ba. Kifi yake kawo mana, ya zauna gefen tabarma yana gyaran koma. Ba abin da yake so ya sani sai ko yaron na da rai, kuma yaushe zai dawo.

Ran nan, cikin ƙugin akwatin, sai ga murya ta ambaci Gaya, ta ambaci unguwar su tsohon ta bakin kogi.

"Baba, ina gaishe ka. Ina gajiya? Ina gida?"

Tsoho ya saki koma ya durƙusa gaban rediyo.

"Lafiya lau, ɗana! Gida lafiya! Uwarka lafiya, ƙafar ce dai. Ina aiki? Ina baƙunta?"

Mu ma, sakarkaru, muka ɗauka gaba ɗaya: "Madalla! Barka! Barka!" Wa zai ji gaisuwa ya yi gum? Mushe na ɗaga hannu yana "Ku saurara mana!" amma ina. Kafin mu rufe baki yaron ya gama, wani soja na gaida mutanen Doso. Akwai maganar wata a cikin saƙon yaron, akwai ta jirgi, ba wanda ya kama ko guda.

Wayyo, raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in mari kaina. Kowa na jiran tsoho ya tambayi ranar dawowa.

Ya share fuska da hannun riga, ya dubi ma'aikacin gidan waya.

"Ɗana, ya dai ji na amsa ko?"

Mutumin ya daɗe yana kallon wayoyinsa.

"Ya ji, Baba," ya ce.