Ku Bar Mini Kayana

Salamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ga ko ɗigon rubutuna a nan ba. Wasu sun kira, wasu sun aiko saƙo, wasu kuma na ji har sun fara cewa "Allah sarki Madam Hadiza" da muryar da ake yi wa mai shirin tafiya. To ga ni, ban tafi ba.

Abin ya same ni ne a aji, ina rubutu a allo. Alli ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, yatsuna suka ƙi kamawa, bakina ya yi nauyi.

A asibitin nan Dogon Dutsi aka auna ni, tansiyo, wato jinina, ya hau sosai. Aka wuce da ni Yamai, aka ɗauki hoton kaina. Likita ya ce wata 'yar jijiya ce ta toshe, ɓarin damana ya shanye, amma da sauƙi. Hoto da magani da kuɗin mota sai da suka kai awakina kasuwa.

Ba mutuwa na ji tsoro ba. Ranar da na dawo gida na gwada sujada, na kasa tashi, na kife gefe guda, sai da aka ciccibe ni. Daga ranar na koma salla a kan kujerar roba. Malamai sun ce Allah yana karɓa, kuma na yarda. Amma ni goshina nake so a ƙasa, in kuma miƙe da ƙafafuna.

Yayata Mariama ta zo daga Dumega ta ce iska ce, ta kawo turare. Na bar ta ta yi hayaƙinta, ni kuma ina shan ƙwayoyina. Wannan bai cuce ni ba.

Abin da ya kusa gamawa da ni ladabi ne.

Kun san mu, ba a barin babba da kaya a hannu. Da lafiyarka ma ana karɓe maka, balle ka kwanta ciwo. In na miƙa hannu ga buta, 'yata Balkisa ta riga ni. Tabarma, jaka, har kofin ruwa, sai in ji "Kawo, Inna." Ina zaune ana ta yi mini hidima, hannuna yana ta sirancewa kamar karan gero.

Da na je wurin kine, mai motsa gaɓoɓin marasa lafiya, ya matsa damtsena ya ce, "Madam, mi kike ɗauka a gida?"

Na ce ba a bari na.

Ya ce, "To su ka kashe hannun ga. Naman jiki in bai aiki ba, tahiyatai yakai." Ya nuna mini yadda zan riƙa tashi daga kujera ina komawa, da yadda zan ɗaga nauyi kaɗan, in ƙara a hankali.

Ƙanena Ma'azu tsohon ɗan kokawa ne a Kiéché. Shi ya cika gwangwanayen madara da siminti, ya soka musu guntun ƙarfe, ya kawo mini. Wallahi da farko na tsane su. Gumi yana zuba, ina ɗagawa ina hawaye ina zagin gwangwani.

Yaya Mariama ta same ni a haka, ta riƙe baki. "Mace da jikoki tana ɗaga ƙarhe kamar ɗan kokowa? Mi mutane za su ce?"

Na ce, "Yaya, su ce abin da sunka ga dama. Ba su za su yi min sujada ba."

Na kafa doka a gidana: kayan da na ɗauka nawa ne. Balkisa ce ta sha wahalar dokar nan. Wata maƙwabciya ta gan ta tana bina hannu rabbana, ni da jarkar ruwa, ta wanke ta tas a bainar jama'a, wai ba ta da tarbiyya. Ta shigo gida tana kuka. Na ɗauki jarkar na je har ƙofar matar na dire, na ce mata jarkar nan maganina ce, 'yata kuwa umarnina take bi.

Ban san ranar da ƙiyayyar ta juye ba. Na dai wayi gari ina ɗokin gama lazimi in je wurin gwangwanayena. Tsamin da jiki yake yi bayan ɗagawa ya fara yi mini daɗi. Da na aika wa Ma'azu ya haɗo manyan gwangwanaye, dariya ya yi ya ce, "Yaya, kar dai ki ce za ki shiga hili bana!"

Wata la'asar na ture kujerar gefe. Na ce wa Balkisa, "Ko na hwaɗi, kar ki taɓa ni sai na kira ki." Na kabbara. Goshina ya taɓa tabarma. Da lokacin tashi ya yi, gwiwar dama ta yi rawa, na ji numfashin 'yata a bayana. Na dafa ƙasa da hannun nan da aka fid da rai da shi, na tura.

Na miƙe.

Sauran raka'o'in da kuka na ƙarasa su, ita ma tana yi.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocina, da Ma'azu, da Yaya da turarenta, da Balkisa wadda ta sha zagi saboda ni. Ku riƙa auna tansiyonku ko ba ku jin komai, ku sha magani kan lokaci, kada kuma mai jinya ya taɓa ƙarfe sai likita ya yarda. Masu kula da iyaye, in an ce su motsa, ku daure ku naɗe hannuwanku.

Na koma aji, alli yana zama a yatsuna. In kun gamu da ni a hanyar famfo da jarka, ku gaishe ni, zan amsa da fara'a. Amma kada wanda ya miƙo hannu.