Motar Yaya Isiyaku Tana Nan a Tsakar Gida

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Isiyaku mai alminiyom na Unguwar Shanu. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na yi na ajiye, don haka mai karatu ya yi haƙuri da yadda maganar za ta fito. Duk shekara addu'a muke yi masa a gida mu watse. Bana na ga gara in faɗi abin da ke cina.

Sana'ar Yaya haɗa tagogi da ƙofofi. Gidajen ma'aikata da dama a Doka aikin hannunsa ne. Amma burinsa ɗaya ne a duniya: ya je Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, hanyar da kakanmu ya bi da ƙafa. Jirgi bai kwanta masa ba. Cewa yake hajjin da ba ka ga hanya ba kamar an kai ka a buhu ne. Sai ya sayi wata tsohuwar bas a tashar Kawo, muka turo ta har tsakar gidanmu na gado, ya cire kujerun, ya shiga mayar da cikinta ɗaki.

Duk wanda ya leƙa sai ya riƙe baki. Da sandunan alminiyom ya tayar da kabad na tukwane da risho, da akwatin hatsi a ƙarƙashin gado, da mazaunin garwar ruwa, da 'yar kanta can sama ta Alƙur'ani. Ƙofofin kabad ɗin zamewa suke a kan layi irin na taga, don kada gargada ta buɗe su kaya su watse. Katako, in ji shi, nauyi gare shi. Ƙarfe kuma tsatsa.

Abin da ya ja aikin shi ne Yaya ba ya yanka sabon sanda don kansa. Haka ubangidansa ya koya masa. Sai guntayen da suka rage daga aikin mutane, su ma sai mai aikin ya ce ya yafe. Yakan yi wata biyu yana jiran guntu guda mai tsawon kamu uku. In na yi magana ya ce, "Sale, sannu ba ta hana zuwa." Ba ya ƙarasa karin maganar.

A shekara ta huɗu da fara aikin motar na yi aure, ba ni da ɗaki, haya kuma ta fi ƙarfina. Fili ɗaya ya rage a gidan, wato mashigar da muka turo motar ta ciki. Na je ina kame-kame. Ya ce, "Kai dai ka cika noƙe-noƙe. Gina abinka. Ranar tafiya mu rushe, ai bulo ne ba dutse ba." Na gina.

Ranar da ya ɗaura ƙofar kabad ta ƙarshe, matata na da goyo ga kuma ciki. Ya dubi motar, ya dubi bangon ɗakina, ya ce, "Bari ta sauka lafiya tukuna." Bai sake tayar da zancen ba. Bayan damina biyu ciwon hanta ya kwantar da shi. A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Ka fitar da motar nan, ko wani ya je da ita." Na ce to.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Unguwa ta cushe, lungun da bas ta bi yanzu amalanke da ƙyar. Alminiyom ya yi tsadar da guntu ma aunawa ake a sayar, babu mai yafe maka. Wannan duk tsaki zai yi ya wuce. Abin da ban san yadda zai kalla ba shi ne ni, da 'ya'ya shida a ɗakin da aka ce na wucin gadi ne.

'Yan gwangwan sun sha zuwa, wai su yanka motar gunduwa-gunduwa su fitar ta zaure. Matarsa Hajara ta ce, "Yayanka fitarwa ya ce, bai ce a yanka ba." Gaskiyarta. In kuma na rushe ɗakin, ina zan kai yara? Gaba kura, baya sayaki.

Jikin motar ya ruɓe, tayoyi sun nutse a ƙasa, rufin yana yoyo. Aikin Yaya kuwa ko ɗigon tsatsa babu. A ciki Hajara ke ajiye garin tuwo, don ɓera bai sami kafa ba har yau. Mutane na cewa wannan ne abin da ya bari. Ni na san ba shi ba ne. Abin da ya bari shi ne rufin da ke kan 'ya'yana. Hajjinsa ya bayar a kansa, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Alkawari kaya ne. Na ɗauka, na kasa kaiwa, na kasa saukewa. Yaya, ba zan rushe ɗakin nan ba. Na daɗe da sani, yau ne bakina ya iya faɗa. Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya rubuta maka ladan tafiyar da ka yi niyya.