Ragon Kawu Sakuji

Kawuna Sakuji ya tsufa a kokawar sumo bai taɓa ɗaura farar ɗamara ba, wadda sai waɗanda suka shiga sahun manya ke ɗaurawa. Da gwiwarsa ta gaza, sai maigidansu ya damƙa masa madafin gidan 'yan kokawar, nan unguwar Ryogoku. Yakan ce da ya san ludayi zai gada, da bai wahalar da goshinsa ba.

Dokarsa ɗaya ce. In an fara gasa, dabba mai ƙafa huɗu ba ta shiga tukunyarsa, domin ɗan kokawar da hannunsa ya taɓa ƙasa an ka da shi ke nan. Kaza kawai, mai tsayuwa a ƙafa biyu.

Shekarar da na dawo daga karatu a ƙetare na tarar da Zorig a gidan. Ɗan Mongoliya ne, shi kaɗai ne baƙo, tunda baƙo ɗaya aka yarda kowane gida ya riƙe. Ya iya harshenmu, ya iya rusunawa, ya cuɗa bayan yayyensa na gidan a wanka har ya gaji. Cikinsa ne ya ƙi koyon komai. Da naman rago aka yaye shi, kuma duk gasa sai ya rame.

A gasar kaka ya kai bakin ƙofa: in ya ci karonsa na ƙarshe, farar ɗamara tasa ce. In ya faɗi, ya koma baya, ga shekaru sun soma ja. Na same shi yana juya romon kaza a kwano.

"Ci mana, ɗan makiyaya," in ji Kawu. "Ko sai na yi maka kiɗa?"

"Yaya, a garinmu tsuntsu kallonsa ake yi a sama."

"Shi ya sa ake ɗaga ka kamar matashin kai."

Zorig ya yi dariya, amma bai ƙara loma ba.

Washegari da hantsi Kawu ya ce in raka shi. Muka je wurin wata mahauciya 'yar yankin Hokkaido, ya daɗe yana kallon cinyar rago kamar zai nemi aurenta.

"Kai da ka yi karatu," ya ce mini, "rago in zai yi karo, a ƙafa nawa yake tashi?"

Na ce na taɓa ganin waɗanda ke miƙewa a biyu.

"Da me yake bugu?"

"Da goshi."

"To, ɗan kokawa ne. Baiwar Allah, naɗe mana."

Duk da haka bai yarda naman ya ga tukunyar gidan ba. A madafin mahaifiyata ya tafasa shi, da gishiri zalla kamar yadda Zorig ya sha ba shi labari, tana buɗe tagogi tana cewa ya mayar mata da gida garke. Muka shigar da tukunyar ta ƙofar baya. Zorig ya ɗaga murfi, sannan ya naɗe hannun riga. Ƙashi ma sai da ya tsotse.

Na tambayi Kawu ko ƙiba na dawowa a yini biyu. Ya ce ba ƙibar yake nema ba.

Ranar karon Kawu bai je ba, ya zauna yankan kabeji, ya kashe rediyo. Ni na kawo masa labarin cewa Zorig ya sa goshi ya ture abokin karonsa waje da da'irar kokawa. Kawu bai ɗago ba, sai dai kabejin ranar ya ishi gida uku.

Har yau kaza ake ci a gidan lokacin gasa, ban da wata ƙaramar tukunya da ke zuwa daga wurin mahaifiyata. Kawu ne ke dafawa, amma bai taɓa ɗanɗana gishirinta ba. Ya ce ragon dai ɗan kokawa ne, amma shi bai ga tashinsa a ƙafa biyu da idonsa ba.