Mai Madubin Taurari a Tashar Malam Madori

Ina jiran jirgi na hango wata mata zaune a kan akwatin ƙarfe a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ta rungume wani dogon abu naɗe cikin zani. Siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare, ga ƙurar alli a hannun rigarta. Hausarta ta mutanen Filato ce.

"Malama, bindiga ce?" in ji wani dattijo mai sayar da rake.

"Madubin kallon taurari ne, Baba. Zariya za ni, gobe ƙungiyarmu ta masana taurari ke zaɓen shugabanni."

"Ikon Allah! Taurarin ma sai da shugaba?"

"Shugabanninmu duk maza ne, rabinsu Turawa. Ni ma ina neman kujera, amma sai wanda ya je da ƙafarsa ake zaɓa."

Sai aka yi sanarwa cewa jirgi ba zai zo ba, ambaliya ta ci hanya. Tana duban motar busasshen kifi da ake yi wa lodi zuwa Kano, sai ta miƙa wa direba madubin da hannu biyu, ta tattare zani ta hau kan kwandunan. Ina tsammanin an saba yi mata dariya, ita kuma ta daina ji.

'Yata Larai ta so karanta kimiyya. Zazzaɓi ya ɗauke ta bara, tana aji huɗu na sakandare. Da na koma Haɗeja, na fito da littattafanta daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe su, na kai makarantar 'yan mata. Ban goge sunanta daga bangonsu ba.