Tekun Baba Anacleto

Duk wanda ya taɓa sayen jarida a unguwar Graça da ke Lisbon ya san Baba Anacleto Vaz. Gajere ne mai tumbi, da gashin baki kamar burushin goge takalmi. Shekara talatin da huɗu ya yi a cikin wata koriyar rumfa wadda in ya miƙe hannuwansa sai ya taɓa bangonta duka biyu. Jaridu yake sayarwa da alewa, amma abin da ya yi suna da shi wata takarda ce da yake ba baƙi kyauta.

Baƙin nan su ne masu sauka ran Juma'a da 'yar jaka mai taya, su koma ran Lahadi da ciwon ƙafa, a tsakani kuma suna so su cinye garin gaba ɗaya. Abu uku ne a takardar. Asabar da ƙarfe takwas a hau ganuwar São Jorge kafin layi ya yi tsawo. Da rana a ci gasasshen kifin sardin a shagon Dona Ermelinda, a ce shi ya aiko. Lahadi a shiga jirgin ƙasa zuwa Sintra, a zauna ɓangaren hagu don a sha kallon teku.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ban da kifin da ya ci sau ɗaya tun yana da gashi a ka, sauran duk ji ya yi a bakin mutane. Ganuwar kullum yana hango ta daga unguwarsu, to me zai je yi? Mu 'yan Lisbon haka muke, abin da ke bakin ƙofarmu na baƙi ne. Matarsa Odete kuwa tun da ya buɗe rumfar take roƙo ya kai ta Sintra, garin da ya ce mata ya san shi kamar yunwar cikinsa. Amsarsa ɗaya ce: "Mako mai zuwa, in baƙi sun yi sauƙi." Baƙi kuwa ba su taɓa yin sauƙi ba.

Da suka cika shekara arba'in da aure, 'yarsu Filipa ta ƙwace mabuɗin rumfar ta ce ita za ta tsare ta, Odete kuma ta zaro takardar daga jakarta.

"Makon nan ni baƙuwa ce," in ji ta. "Abin da ka rubuta shi za mu bi, layi bayan layi."

Ba hawan tudu Anacleto yake tsoro ba. Tsoronsa kada matar da ke cika wa maƙwabta baki da shi ta gane cewa masanin Lisbon ɗin nata ba inda ya sani.

Ƙarfe takwas suka isa ganuwa, suka tarar da ƙofa a rufe da baƙi bakwai zaune a dakali, kowa riƙe da takardar nan tasa. Anacleto ya ja hula ya rufe fuska.

"Sun canza lokaci ke nan," ya ce wa mai gadi ƙasa-ƙasa.

"Tun da na fara aiki ƙarfe tara ne, Baba."

Shagon Dona Ermelinda kuma ya koma wurin sayar da rigunan waya.

"Tsohuwar ta yi shekara goma sha ɗaya da rasuwa," in ji mai shagon. "Amma akwai wani tsoho mara aikin yi da ke turo min mutane suna neman kifi. Ranar da na kama shi, hajiya, sai an raba mu."

"Allah ya haɗa ku," in ji Odete, ko murmushi ba ta yi ba. A tsaye suka ci burodi da cuku.

Saura teku. Ran Lahadi ya zaunar da ita a hagu, jikin taga. Jirgi ya kutsa cikin dogon rami mai duhu, ya fito, sai benaye da shanya. Aka wuce tasha, sai wasu benayen da wata shanyar. Can sai wasu mata da miji 'yan ƙasar Holan da ke kujerar gaba, kyamara a hannu tun daga tashar farko, suka waiwayo suka gane shi.

"Ai kai ne mai rumfa. Baba, yaushe tekun zai fara?"

Odete ce ta karɓe.

"Mijina ya ce hagu, kuma hagun ne. Jirgin da ke zuwa garin Cascais ne mai teku, ku bi shi da yamma. Wannan na masu son ganin yadda muke shanya ne."

Suka yi dariya, suka yi godiya, har da ɗaukar hoton shanyar.

"Ke ina kika sani?" ya tambaye ta da suka juya.

"Ƙanwata ba a Amadora take ba, a kan layin nan? Duk wata sai na shiga jirgin nan, Anacleto. Ko kududdufi babu."

"Shekara talatin da huɗu kina kallona ina tura bayin Allah, ba ki ce uffan ba?"

"In na faɗa, gyara takarda za ka yi ka koma rumfarka. Daga Amadora zuwa Sintra ba nisa, amma ban taɓa wucewa ba. Na ce sai ranar da kake zaune kusa da ni."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba ko a gaban mai rigunan waya. Ya kama hannunta, bai sake ba har Sintra, inda ita ce ta tambayi hanya.

Ran Litinin ya gyara takardar. Lahadin da ta biyo baya kuwa, baƙi suka tarar da koriyar rumfa a kulle karo na farko, da rubutu a jikin ƙofa: "Na kai matata ganin teku."